Rigar da Jini Ya Ɗinka

Ƙarfe biyu na dare a Porto,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi.
Amílcar ya tafi gida tun tara,
ya bar min rabin burodi da na'ura tana gurnani.

Shekara uku ina gina ƙwayar nan.
Roba ce mai narkewa a jiki,
ƙanƙanuwa, har dubu irinta
sai su jeru a kaurin silin gashi.
Na cusa mata magani a ciki,
na rubuta adireshi a bayanta:
ƙarin da ke huhu, kada ki tsaya ko'ina.

A ruwan gishiri lafiya lau take,
sumul, tsirara, mai jin magana.
Sai na ɗiga mata jini.

Kafin in ajiye kwalba an yi mata caa.
Albumin ya riga kowa, don shi ya fi yawa,
bai gama zama ba
wani furotin mai naci ya ture shi,
na uku ya ture na biyu ya kafa gwiwa.
Ba wanda ya nemi izinina.
A allo na ga ta yi ƙiba,
ɗari da ashirin ta koma ɗari da saba'in,
adireshina na can ƙasa, an binne.

A takardu ana ce masa kambi.
Ni riga nake gani,
wadda jini ya ɗinka wa baƙuwa ba tare da awo ba.
Hanta kuwa ba ta karatu.
Masu gadinta riga suke dubawa,
in sun ga tambarin 'yan'uwansu a wuya
sai su haɗiye ta, har da maganin,
har da shekaruna uku.

Babana Gaspar wasiƙu ya raba,
shekara talatin da ɗaya yana hawan matakalan Ribeira
da jaka a kafaɗa da tari a ƙirji.
Ranar da ruwa ya wanke tawada
yakan shanya ambulan a kan murhu,
ya juya shi, ya shinshina,
ya ce wannan na matar mai gasa kifi ne,
ɗanta ne kaɗai ke naɗe takarda haka.
Bai cika kuskure ba.
Tarin ne bai gane adireshinsa ba sai da ya iso.

Bara na dasa wa ƙwayar gashi mai riƙe ruwa,
wai kowa ya taɓa ya zame.
Da yawa sun zame.
Kaɗan suka maƙale duk da haka,
na yi wata biyu ina zaginsu,
ashe su ne ke rufa mata asiri a gaban masu gadi.
In ka je gari ka ga kowa da wutsiya,
nemi tsumma ka ɗaura.
Ƙwayata ta san wannan kafin ni.

Daren nan jini biyu na gwada.
Leda ta sha bakwai, leda ta arba'in da biyu,
ban san sunansu ba, doka ta hana.
Ƙwaya ɗaya, daga tukunya ɗaya,
amma riga biyu suka fito,
kowane jiki da telansa.
Na zauna ina kallon layukan nan shuɗɗa
kamar mai leƙen wasiƙar da ba tata ba.

Asuba ta kusa.
Tsuntsayen teku sun fara faɗa a kan rufi,
kogin Douro ya yi launin dalma.
Na buɗe littafi na soke tambayar da,
ta yadda zan hana a taɓa ta.
A ƙasa na rubuta: wa nake so ya fara taɓa ta?

Na cinye burodin Amílcar.
Gobe zan ce masa ɓerayen gwaji ne.